Famfon da Ba Ya Tashi Bayan Juma'a

Kalilu ɗan Shatu mai ƙosai, mutumin Unguwar Sada da ke ƙasar Baure, irin mutanen nan ne da sai ka yi musu sallama sau uku kafin su dawo duniya. Tun yana ƙarami haka Allah ya yi shi. A aike shi gona da fura, sai a tarar da shi a gindin gawo, baki buɗe, yana kallon gajimare. Uwarsa ta yi faɗa har ta gaji, ta koma addu'a. Da aka ji ya tafi karatun kwamfuta, mutanen gari suka ce madalla, an samo masa aikin da ake yi a zaune ana kallon wuri ɗaya.

Ya dawo ya buɗe ɗan shago a Daura, ya auri Barakatu, malamar Islamiyya mai kaifin baki. Sana'arsa rubuta umarnin da ƙananan injuna ke bi, 'yan allunan nan kore da ba su kai tafin hannu ba. Shekara uku ya yi yana haɗa akwati ɗaya saboda rijiyar burtsatsen garinsu mai aiki da sola, wadda injinta ya ƙone sau biyu don ba mai lura da shi. Akwatin ne zai san lokacin da tanki ya cika, ya san lokacin da ruwan ƙasa ya ja baya, ya buɗe wa famfo da kwamin shanu ruwa. Ranar da aka ɗaura shi, Shatu ta raba ƙosai kyauta.

To, a cikin akwatin akwai ayyuka biyu da ke gudana tare, Kalilu yana kiransu ma'aikata. Ɗaya yana auna ruwa, ɗaya yana kunna inji. Wuri ɗaya suke rubutu da karatu, don haka idan suka shiga lokaci guda sai lissafi ya rikice. Maganin abin shi ne kulle: wanda ya shiga ya kulle, in zai fita ya buɗe, ɗan'uwansa ya shiga. Aikin mai kunna inji yana da hanyar fita bakwai, kuma a bakin kowace Kalilu ya rubuta da hannunsa cewa a saki kulle. Ya duba, ya sake dubawa, bakwai cif.

Sai Liman ya kawo kuka. Rijiyar tana jikin masallacin Juma'a, kuma garin ya saba tun zuwan shari'a, da an hau mumbari ake ajiye komai. Amma ƙarar jarkoki da kukan shanu ba sa barin a ji huɗuba. Aka roƙi Kalilu ya koya wa akwatin ya tsayar da ruwa daga ƙarfe ɗaya zuwa biyu da rabi duk ranar Juma'a. Abu mai sauƙi! Ya ƙara hanyar fita ta takwas, yana cikin rubutawa ladan ya kira la'asar, sai Kalilu ya rufe kwamfuta ya tafi alwala.

Juma'ar farko ruwa ya tsaya a kan lokaci, Liman har da sa albarka. Aka sallame, aka murɗa famfo, shiru. Har faɗuwar rana shiru. Da gari ya waye rana ta bugi sola, akwatin ya farka sabo fil, ruwa ya zo kamar ba a yi ba. Kalilu ya hau babur ranar Asabar ya je ya duba, komai lafiya lau. Juma'a ta biyu ma haka. Mata suka fara cewa ai dama akwai masu zama a tsamiyar bayan tanki, ba sa son a dame su ranar Juma'a.

Juma'a ta uku ta faɗo a tsakiyar bazara. Baba Mati, tsohon makiyayi da ke koro shanunsa daga wajen iyaka, ya iso bayan salla ya tarar da kwami a bushe. Ya jira, ya jira, sannan ya kora su wata rijiya mai nisa. A hanya maraƙinsa ɗaya ya kwanta bai tashi ba.

Mai unguwa Sada ya sa aka kira Kalilu. "Ɗana, ba na ce kai ne ba," in ji shi, "amma in aka sallame Juma'a mai zuwa ruwa bai zo ba, zan sa a cire akwatin nan."

"Ranka ya daɗe, na ji," Kalilu ya ce. Wallahi ji ya yi kamar an ce za a rushe masa ɗaki.

Kwana uku yana zaune a shago da wani akwati irin na rijiyar sak a gabansa, abin yana aiki tsaf, ko tari bai yi ba. Ranar Laraba da azahar Barakatu ta biyo da abinci, ta same shi ya zuba tagumi.

"Malam, wai ba ka ce ranar Juma'a kaɗai yake yi ba?"

"Haka ne."

"To ka ce masa yau Juma'a ce mana. Zai ƙaryata ka ne?"

Kai, mutum da digirinsa! Ya juya agogon akwatin, ya kai shi ƙarfe ɗaya na Juma'a. 'Yar fitilar da ke ƙyaftawa a jikin akwatin ta tsaya cak.

Zafi ya yi yawa, fanka tana juyawa a hankali, Kalilu ya lumshe ido. Sai ga shi a cikin akwatin, yana tafiya a wani dogon soro mai sanyi, ƙasa kore, ba kowa. Ya ga ɗaki mai ƙofa takwas. Ya ga mai kunna inji ya fice ta ƙofar ƙarshe, ya bar ɗakin a kulle, ya dawo shi ma ya kasa shiga. Can gefe ga mai auna ruwa a tsaye, hannu a ƙirji, yana jiran a buɗe masa. Ba ya ƙorafi, ba ya ƙwanƙwasawa, haka aka umarce shi, kuma haka zai tsaya har rana ta faɗi. Wani irin tausayi ya kama Kalilu, na wannan bawan da babu shi, da na maraƙin da ya kwanta a hanya. Ya buɗe ido da hawaye.

Layi ɗaya ya isa gyara, amma bai rubuta shi ba. Ya san halinsa. Gobe wani zai nemi ƙofa ta tara, kuma ladan ba zai fasa kira ba. Sai ya bi ya goge duk bakwai ɗin, ya ɗaure kullen da iyakar aikin kansa, tsakanin alamar da ke buɗe shi da wadda ke rufe shi. Daga nan, ta ko'ina aka fita, da gangan ko da kuskure, manhajar da ke juya rubutunsa zuwa yaren inji ita za ta sa umarnin sakin kulle, ba sai wani ya tuna ba. Ya gwada Juma'a goma sha biyu a yammacin Laraba ɗaya. Ranar Alhamis ya kai gyaran gari.

Juma'a ta zo. Ko kalma ɗaya ta huɗuba Kalilu bai riƙe ba, Allah ya yafe masa. Da aka sallame ya fito ya tarar da mai gyaran wuta a tsaye da filayar cire akwati, Mai unguwa a gefensa, shanun Baba Mati sun yi cirko-cirko a bakin kwami. Biyu da rabi ta yi. Bututu ya yi wani gurnani, ya tofar da iska, sannan ruwa ya ɓalle.

Jama'a suka yi kabbara, mata suka ce masu tsamiya sun huce. Da Kalilu ya yi shiru, da shi ke nan, magana ta wuce. Amma ya taka har wurin Baba Mati, ya durƙusa a cikin laka.

"Baba, ba aljanu ba ne. Ni ne na manta layi ɗaya. Maraƙinka a wuyana yake."

Baba Mati bai kalle shi ba, idonsa na kan wata saniya da ke sha, nononta a cike, ba mai tsotsa.

"Na sani," ya ce. "Wane aljani ne ke bin agogo? Tashi ka tare min waɗancan, kada su turmushe ta."

Kalilu ya tashi, ya karɓi sandar, ya shiga tsakanin shanun da fararen kayansa.