Jika da Darar da Ya Yi da Baya

Jika makiyayi ne a Gangara, kuma ban taɓa ganin ɗan dara kamarsa ba. Kasuwa arba'in da ɗaya na zauna kusa da shi ina ƙirga. Sau biyu kawai aka cinye shi. Shanunsa kuwa ciwo ya mai da su huɗu daga talatin.

Da ƙasa ta cika shekara ɗaya da 'yanci, aka shirya gasar dara a Gazawa, kowa na iya shiga. Kyautar karsana ce ja. Ni na rubuta sunaye, tunda na yi lakol, wato makarantar boko: mutum talatin da biyu. Jika ya kada huɗu kafin azahar.

Sai ga abokin karon ƙarshe: Malam Dalhatu, mahaifin matarsa Inno. Shekara tara Jika bai zauna tabarma ɗaya da surukinsa ba, bai ko dubi fuskarsa ba, saboda kunyar suruki. Ya ɗauki sandarsa zai tafi.

"Kai, Bafillace, ina zuwa?" in ji Sale wanzami, alƙalin wasan. "Karsanar fa?"

"Ta ci ciyawar wani," in ji Jika.

Dalhatu bai dube shi ba, sai ya ce wa Sale: "Gaya wa yaron nan, in ya gudu, zan ce jikokina ɗiyan matsoraci ne. In kuma ya bar mini da gangan, zan gane."

Jika ya cire takalmi, ya tsuguna taki biyar daga ramukan, ya ba su baya.

"Sale, riƙe mini tsinkayen. Ka riƙa faɗa mini inda baba ya aza."

Rami talatin, tsinke sha biyu, tsakuwa sha biyu, duk a kansa ya riƙe su, yana faɗa wa Sale abin da zai yi: "Layin gabas, rami na uku." "Ja na tsakiya zuwa kudu." Sau ɗaya Sale ya aza a ramin da ba shi ba, Jika ya ji lissafin bai yi ba, ya ce, "Wanzami, aski kake ko dara?" Aka fashe da dariya.

A tafiya ta hamsin da bakwai ya jera ukun ƙarshe. Tsakuwa biyu suka rage wa Dalhatu, wasa ya ƙare.

Tsohon ya tashi, ya kakkaɓe riga, ya kwance karsanar da kansa ya miƙa wa Sale igiyar.

"Ba shi. Ka ce ya juyo hakanan, na tafi."

Jika bai juyo ba sai da na ƙirga ɗari.