Ranar da Baba Ya Ajiye Makulli

Har gobe idan na ji an ce wani babba a Ingila ya yi murabus, sai in miƙa hannu in kashe rediyo. Matata takan yi dariya ta ce, "Kai kuwa me ya haɗa ka da Turawa?" Alhali Turawan nan da wannan bakin nawa, mu muka zaunar da mahaifina a cikin gida.

Ƙauyenmu yana gefen tafkin Madarunfa. A ƙofar gidanmu akwai wani itacen bedi mai inuwa, nan Baba da abokansa suke shimfiɗa tabarma bayan azahar, a ɗora shayi, a kamo tashar Landan ta Hausa. Abin dariya, mu da Faransa ta mulka ba mu damu da labarinta ba, amma 'yan siyasar Ingila kowa da gwaninsa, kamar a filin kokawa. Alhaji mai kamyo, aminin Baba, wanda ke jigilar kaya zuwa Najeriya da babbar motar tasa, gwanarsa wata mata ce da ta taɓa riƙe Ingila, wai ita idan ta ce a'a to an gama. Wani tsohon masunci kuwa 'yan adawarsu ne ke burge shi. "Ku ji fa," in ji shi, "mutum ya tashi ya gaya wa shugaba baƙar magana ido da ido, sannan ya koma gida ya kwana a ɗakin matarsa! Kai, duniya da faɗi take."

Baba nasa gwanin daban ne: wani firaminista da al'amari ya lalace a hannunsa, ba soja ya zo ba, ba kowa ya kore shi ba, ya fito ƙofar gida ya sauka da kansa. Baba ya daɗe yana maimaita labarin nan har muka haddace. Yakan girgiza kai ya ce, "Wanga shi ne ɗan halas. Kujerar ba ta manne mishi ba." Ni a lokacin sabon mushe ne, wato malamin boko, na fara koyarwa a lakwal ɗin Safo, kaina na hayaƙi, ina ganin duk abin da ke damun ƙasarmu na gano shi. Duk ranar da na zo gida, ni ke ƙara wa labarin gishiri.

Baba shi ke riƙe da makullin rumbun tsimin garinmu. Ɗaki ne na siminti da rufin kwano, inda ake tara hatsi da kaka, a rufe, sai tsakiyar damina idan rumbunan gidaje sun yi ƙasa a buɗe a raba wa mutane. Ba don yana da arziki aka ba shi ba. An ba shi ne saboda shi ake kira idan za a raba gado, shi ake kai wa ajiya idan mutum zai tafi ci-rani. Ba shi da shanu, ba shi da mota. Wannan yardar ita ce duk abin da ya tara a duniya.

Kowace Juma'a yakan buɗe ƙofar ya leƙa, ya taɓa buhunan gaba, ya ji su a bushe, ya rufe. Ashe wata iska ta farkon damina ta ɗaga kwano a kusurwar baya, ruwa yana ta tsiyaya a inda ido ba ya kaiwa. Ranar da aka buɗe don rabo, mata sun yi layi da ƙorai da buhuna, aka janye jerin farko, sai wari ya bugi kowa. Hatsin baya ya yi baƙi, ya dunƙule, wani har ya yi tsiro a cikin buhu. Wata tsohuwa ta sa hannu ta ɗebo, ta duba, ta zubar, ta goge hannunta a zane. Abin da ya tsira bai kai wa rabin layin ba.

A garinmu an san yadda ake kashe irin wannan wuta. Mai laifi ya je gaban mai gari ya sunkuyar da kai, a yi masa faɗa, liman ya ce ikon Allah ne, dattawa su ce a yi haƙuri, a gyara kwano, ya ci gaba da riƙe makullinsa. Haka Baba ya yi niyya. Inna ma abin da ta ce ke nan: "Malam, ka je ka ba su haƙuri, su zage ka su huce."

Ni ne na hana. Allah ya yafe mini, ni ne. Na same shi a zaure da safe yana sa hula, na tsuguna na ce, "Baba, shekara nawa kuna yabon mutumin nan? Ga ranarku ta zo. Ku nuna musu a nan ma akwai wanda kujera ba ta manne wa ba." Ya dube ni ya ce, "Kana ganin haka ya fi?" Na ce wallahi har jikoki sai sun ba da labari.

Ya je gaban mai gari, jama'a cike. Ya ce sakacinsa ne, bai duba baya ba, don haka bai cancanci riƙo ba. Ya ciro makullin daga aljihu ya ajiye a kan tabarma. Ni ina tsaye a baya, ƙirjina a buɗe, ina jiran in ji an yi kabbara. Ba wanda ya yi. Mai gari ya ce, "Malam, ɗauki abinka." Baba ya ƙi. Liman ya roƙa, ya ƙi. Sai na ji wani a kusa da ni ya raɗa wa na gefensa, "To, me yake gudu?"

Wannan tambayar ita ta cinye mu. A wurin mutanenmu, mai gaskiya tsayawa yake a zage shi. Wanda ya saki makulli tun ba a ce ya saki ba, lalle akwai abin da ya sani. Kafin mako ya zagayo labari ya gama gari, ya kai kasuwar Gabi: wai Baba ya sayar da hatsi mai kyau a ƙetaren iyaka, ya zuba wa sauran ruwa don ya ɓatar da sawu. Da wace mota? Ai ga amininsa mai kamyo. Alhaji da ya ji an sa sunansa, sai ya ɗauke ƙafa daga gindin bedi. Ban ga laifinsa sosai ba, amma na ji haushi, har yau ina ji.

Na yi ta yawo ina bayani kamar mahaukaci. Ina ce wa mutane a Ingila haka manya ke yi, alamar mutunci ce. Wani dattijo ya dube ni sama da ƙasa ya ce, "Mushe, hatsin a Ingila ya ruɓe?" Inna kuwa wata guda ba ta amsa gaisuwata da baki ba. Ranar da ta yi magana cewa ta yi, "Ka kai shi ka baro. Sai ka koma lakwal ɗinka."

Ba wanda ya zagi Baba a fuska, da ma sun yi da ya fi sauƙi. Da kaka aka yi rasuwa a maƙwabta, aka zo rabon gado, aka kira wani. Samari suka tashi ci-rani, suka wuce ƙofarmu da ajiyarsu suka kai gaba. A masallaci ana ba shi hannu, amma da sauri ake zarewa. Tabarmar gindin bedi ta koma cikin gida, rediyon ya ƙare a kan taga, pil ɗinsa, wato batir, ya zube a ciki ba wanda ya canza.

Wata Juma'a na zo daga Safo na tarar da shi ya yi wanka ya sa farar riga, yana zaune a zaure, an kusa tayar da salla bai tashi ba. Na gane jira yake sahu ya cika, ya shiga daga baya. Ya rame, wuyan rigar ya yi masa yawa. Na zauna kusa da shi, na buɗe baki zan nemi gafara, sai ya riga ni.

"Kai da ka yi boko," ya ce, a hankali, ba da faɗa ba. "Baturen nan namu, da ya sauka, ina ya tafi?"

Na ce ban sani ba, wataƙila ya koma wani gari, gidansa na ƙauye.

Ya gyaɗa kai. "Na ce ko. Rediyon bai gaya muna wannan ba." Ya dafa bango ya miƙe, ya laluba takalmansa da ƙafa. "Ni ga shi sau biyar nake ganinsu kullum."