Gungumen Bakin Ƙofa

Ko sunana zan manta, ba na jin zan manta da wata Lahadi ta bazara a 'yar majami'armu ta laka, a wani ƙauye tsakanin Malbaza da Dogarawa. Wajajen ƙarshen shekarun tamanin ne, ina sabon magidanci, sana'ata noman albasa. Mu Kirista a garin ba mu taka kara mun karya ba, ranar Kirsimeti tukunya ɗaya ke ciyar da mu duka. A cikin majami'ar dakalai ne na laka, maza dama, mata hagu. Can baya kuma, bakin ƙofa inda ake tuɓe takalma, akwai wani gungumen giginya. Nan ne mazaunin wanda dattawa suka sa wa horo. Ba a korarka, amma nan za ka riƙa zama har wa'adinka ya cika, ba ka cin Jibin Ubangiji, wato gurasa da ƙoƙon da ake raba wa masu bi, duk mai shigowa kuma da kai zai fara yin ido biyu.

A shekarar ƙyanda ta shigo gari ta kama ɗanmu na fari, ko tafiya bai fara ba. Surukata ta zo daga wajen Illela da laya ƙulle a bakin zane, ta rataya wa yaron a wuya. Matata ta san ba ma yin haka. Amma wace 'ya ce za ta fizge abu daga hannun uwarta, alhali ga ɗa yana numfashi sama-sama? Ta bar layar a wuyansa. Yaron bai tashi ba. Wajen wanka mata suka ga layar, kafin mu gama karɓar gaisuwa magana ta kai kunnen dattawa. Suka yanke wa matata wata uku a kan gungume.

Lahadin farko ta je ta zauna, kanta a sunkuye. Da muka dawo gida ko ruwa ba ta sha ba, sai na ga tana naɗe zannuwanta tana ƙullewa.

Ta ce, "Maigida, ɗana anka binne, ni kuma anka aje cikin takalma. Lahadi mai zuwa in tahi don kunyarka. Daga can sai tasha."

Na san halinta, ba ta magana biyu. In ta hau motar Illela, ni da majami'a duka mun yi ban kwana da ita. Na je wurin babban dattijonmu na durƙusa. Ya saurare ni har na gama, sannan ya ce, "Horo horo na, ɗana. In munka ɗaga ma taka, gobe mi za mu ce ma wani?" Na tashi na dawo gida.

Ranar Lahadin ta ajiye ƙullinta a bayan ƙofar ɗaki, muka tafi majami'a.

Akwai wata tsohuwa a cikinmu, mai tuyar ƙosai a bakin hanya, kowa Inna yake ce mata. Kunnenta ya yi nauyi, shi ya sa dakalin gaba nata ne, ba mai taɓa mata shi. Bakinta kuwa ko maigari yana shakkarsa. An gama waƙa, fasto ya buɗe Littafi ke nan, sai ta dafa sandarta ta miƙe. Ta bi tsakiya tana jan ƙafa, kowa na bin ta da ido, har bakin ƙofa. Ta zunguri matata da gwiwa ta ce, "Matsa mini, ɗiyata."

Fasto ya ce, "Inna, lahiya?"

Ta ce, "Lahiya lau, Malam, karanta abinka. Ni ma sa'ad da nawa ɗan ya kwanta, na ɗaura mai laya. Mutane ba su gani ba, Allah ya gani. In nan wurin masu laya na, to wurina na." Ta gyara zama ta ƙara da cewa, "Kuma a garin ga, ko mu ko Musulmi, wa ya taɓa barin mai makoki zamne ita ɗaya?"

Sai wata mai goyo ta tashi, wata ta bi ta. Gungume ya cika, saura suka ture takalma gefe suka zauna a ƙasa. Ban san lokacin da ƙafata ta kai ni dokin ƙofa ba, wasu mazan suka biyo ni. Fasto ya dubi dakalan da ba kowa, ya dubi dattijon, ya share zufa. Sannan ya rungumi Littafinsa ya tako har ƙofa, ya tsaya rana na dukan bayansa, ya ce, "To, Inna ba ta ji daga nesa." Aka ɗan yi dariya, kowa ya juyo ya fuskance shi. Matata ta tsinci kanta a sahun farko.

Ban riƙe ko kalma ɗaya daga wa'azin ba. Abin da na riƙe shi ne matata, wadda tun ranar binnewa ba ta zubar da hawaye ba, ta kifa kai a cinyar Inna tana kuka, zanen tsohuwar yana ƙamshin man gyaɗa.

Dattijo bai tashi daga wurinsa ba, wuya kawai ya juyo. Horo ma ba a ɗage shi ba, ta cika watanninta uku cif. Amma ba ta sake zama ita kaɗai ba. Da aka zo Jibin Ubangiji, Inna ta bar faranti ya wuce ta, ta ce sai sun ci tare. A yammacin Lahadin da Inna ta zauna kusa da ita kuwa, matata ta kwance ƙullinta, ta ce mini yunwa take ji.

Yanzu duk sun tafi, Inna, fasto, dattijo, har matata ma da muka yi zaman aure mai tsawo. Ina zaune a Konni wurin 'yarmu, majami'armu ta siminti ce, ga kujerun roba, ga lasifika mai kai murya ko'ina, ba mai bukatar matsowa kusa da wani don ya ji. Ina kewarsu ƙwarai, har gungumen nan da na tsana ina kewarsa. Jikokina sun ɗauka don shan iska nake zaɓar kujerar ƙarshe.

Abin da ranar ta koya mini shi ne, ikilisiya, wato jama'ar masu bi, tana iya tsawatarwa, amma ba ta barin nata shi kaɗai. In an tura mutum bakin ƙofa, sai wani ya taso daga gaba ya ce masa, matsa mini.