Kawu Nomau da Wuyan Sukkar

Jama'a a gyara zama, a ajiye waya. Ga Nomau ɗan Maraɗi, yayan mahaifiyata, babban mai gadin wani gida a unguwar Ruwais ta Jidda, limamin ko-ta-kwana na 'yan Nijar da ke unguwar Mahjar, mutumin da ko carbinsa ƙamshin turare yake. Ni kuwa Usama ne, haifaffen Jidda, na bar makaranta tun kafin ta kore ni.

Gadi yake ce wa mutane yana yi, kuma ba ƙarya ba ne, akwai ƙofa, yana kuma buɗe ta. Abin da ba ya faɗi shi ne Sukkar. Sukkar kare ne, buldog, mai fuska kamar an zauna a kanta, fatar wuyansa ninki bisa ninki kamar an jibge bargo. Na Madam Haifa ne, matar kafilin Kawu, wato Balaraben da ya tsaya masa a ƙasar. Da mai kula da shi ya koma ƙasarsu, sai aka ɗora wa Kawu.

Kawu ya samo dabara. Ba zai taɓa kare ba, ga dalalar miyau, ga salla. Sai ya tsaya daga nesa ya feshe shi da tiyo kullum, ya bar shi ya bushe da kansa. A ganinsa ya haɗa tsafta da tsarki.

To iskar Jidda ko riga ba ta busarwa da daɗi, balle cikin ninkin wuya. Ruwa ya kwanta a ciki, abin wuya yana gurza. Sukkar ya kama susa, wari ya biyo baya. Madam ta ce a kai shi likita, ta kuma tuna wa Kawu iƙamarsa, takardar izinin zama, ta kusa ƙarewa. In wuyan bai warke ba, halas in ji Larabawa, wato shi ke nan.

Ni ya kira, don na iya mota, Larabcina kuma ya fi nasa. Ranar na fara sanin da kare a aikinsa. Na dubi karen a kujerar baya, na ce, "Kawu, wannan ne maigidan?"

Ya ce, "Tuƙa."

Likita ta buɗe ninkin da yatsa. Ciki jawur, a jiƙe, gashin ya zube. Ta tambayi wanda yake goge masa bayan wanka. Na mayar wa Kawu da Hausa, ya zuba wa ƙasa ido. Ta ce a daina tiyo, a cire abin wuya, kullum a bi ninki ɗaya bayan ɗaya da auduga da magani, a tsane sarai.

Kawu ya gwada da safar hannu ta roba. Sukkar na ganinta sai ya shige ƙarƙashin mota. Hannu tsirara kawai ya yarda da shi.

Daga nan Kawu ya sauya. Ran Juma'a a ɗakin Youssouf, abokinsa na Mahjar, faranti ɗaya muke sa hannu. Kawu ya ce a zuba masa daban, a ba shi cokali. Aka tura shi gaba ya ja Magariba, ya ce maƙogwaronsa ba lafiya. Youssouf ya ja ni gefe.

"Kai ɗan Fatouma, me ke damun kawunka?"

Ni da bakina ba ya rufuwa, na ce mura ce.

Da Kawu ya zo ya zauna kusa da ni sai na ɗan muskuta gefe. Sabulu kawai yake ƙamshi, amma na muskuta, ya kuma gani. Ya sa hannunsa a aljihu. Shinkafar ranar ba ta wuce mini ba.

Shekaranjiya na je Ruwais. Na tarar da shi tsugune a bayan gida, kan Sukkar bisa gwiwarsa, yatsansa cikin ninki. Wurin ya bushe, gashi ya fara tsirowa. Madam ta gani, ta ce za a sabunta iƙama. Karen har minshari yake.

Na rasa ta inda zan fara, sai na miƙa masa hannu, na gyara murya.

"Ranka ya daɗe, babban likitan wuya na bakin Bahar Maliya. Ba ni hannun nan mai albarka. Juma'a mai zuwa faranti ɗaya za mu ci, ni zan ma gutsura maka nama."

Ya dubi hannuna, ya dubi nasa, ya koma kan aikinsa.

"Da magani a hannuna. Riƙe masa kai, ko ka matsa mini daga haske."