Kifin Teku a Goshin Jirginmu

Shekarun baya, lokacin ina koyarwa a Yauri, aka ce mu kwashe tsofaffin littattafan da gara ta cinye a makarantarmu. Ni da kwashe-kwashe, sai na tsinci wani mara bango, cike da zanen kifayen teku. Turawan da ne suka zana su da hannu tun kafin a san kyamara. Wani kifin ja wur da ratsin shuɗi, wani rawaya da ɗigo-ɗigo kamar atamfa. Wallahi a tsaye na ƙame, har aka gama sharar ban ɗaga tsintsiya ba.

A lokacin mahaifina yana Wara, yanar ido ta kusa rufe masa gani. Mutumin da ya tsufa a kan ruwa, ya bar wa yayana jirginsa, abin da ya rage masa shi ne zuwa tarbarsa a bakin tafki. Wata rana ya tari jirgin wasu da murna yana kiran sunan yayana, aka yi dariya. Daga ranar ya daina fita. Inna ta ce ko magana sai an ja shi.

Da zan je gida na tafi da littafin, na buɗe masa, don dai in samu abin hira. Ya kai shi dab da hancinsa, ya ƙura masa ido. Can ya ce, "Kai, wanga ja ne ko?"

Na ce, "Ja ne, Baba."

"Da shuɗi a gadon bayanshi?"

Ashe launi mai ƙarfi bai gama ɓace masa ba. Karfasa da tarwaɗa sun zama masa inuwa, amma waɗannan yana ganinsu.

Ya yi ta buɗawa yana salati. "Allahu akbar! Duk wanga ado a ƙarƙashin ruwa, inda ba mai kallo?" Ya tambaye ni ko da gaske akwai su. Na ce wasu akwai, wasu kuma mai zanen ya ƙara gishiri. Ya ce, "Bar shi ya ƙara. Wane masunci ne ba ya ƙarawa?" Inna ta leƙo daga madafa jin dariyarsa.

Baba ne ya kawo shawarar a zana jan kifin nan a goshin jirgin. Yayana ya ce za a maishe shi abin tsokana, Baba ya ce ai shi ne mai jirgin tun asali. Ni na yi zanen da fenti, kuma gaskiya ya fi kama da tulu mai wutsiya.

Washegari da hantsi na riƙe hannunsa muka gangara. Jirage na ta shigowa, ni ina ta addu'a a zuci, don in ya sake kuskure na san ba zai ƙara fitowa ba. Sai na ji ya saki hannuna. Ya nuna can nesa, ya ɗaga murya yadda kowa zai ji: "Ga namu nan!"

Namu ne kuwa.

Har yau abin yana ba ni mamaki. Wani bawan Allah ya zauna a bakin tekun da ban taɓa gani ba, ya zana kifi, bai san zai mayar da wani tsoho bakin ruwa a Wara ba. Baba ya rasu, an canza jirgin, amma duk sabon da yayana ya saya, kafin ya taɓa ruwa sai ya kira ni in zo da jan fenti.