Surukina a Ƙarƙashin Mota

Ko shekara nawa Allah ya ara mini, ba na jin zan manta ranar da na kai motata canjin man birki. Har yau idan na taka birki na ji ya ɗan yi laushi, sai gabana ya faɗi, sannan dariya ta biyo baya.

A farkon shekarun da aka ƙirƙiro jihar Jigawa ne, lokacin da aka kwaso mu ma'aikata daga Kano aka zube a Dutse. Na kama haya a Limawa, na yi ta tari har na sayi wata tsohuwar mota 'yar Kwatano. Ta sha duniya kafin ta zo hannuna, amma a idona amarya ce. Wata safiya na buɗe bonet na ga man birkinta ya yi baƙi ƙirin. Abokan aiki suka ce in canza shi tun kafin ta kai ni ta baro.

Sai maganar inda za a kai. Akwai wani bakanike kusa da tasha wanda duk 'yan ofishinmu wurinsa suke zuwa. Bakinsa ba linzami, zai iya ce maka ba ka iya tuƙi ba a gaban jama'a, amma aikinsa ba a kushewa. Na riga na yanke shawara wurinsa zan je, sai maiɗakina ta ji.

Ta ce, “Kana da Baffa a Kiyawa za ka kai wa bare? In ya ji labari, da wane ido za ka dube shi?”

Baffa ƙanen mahaifinta ne, kuma shi ya ba ni aurenta. Dattijo ne mai farin gemu, ya ƙare ƙuruciyarsa a gyaran tarakta da injin ban ruwa, ƙarfe kam ya san shi. Ranar da ya zo ganin mota har shafa ta ya yi, ya ce duk abin da ya same ta a kawo masa. Ni kuwa a gidan Fulani na tashi, inda ba a haɗa ido da suruki, ba a cin abinci a gabansa, balle a ce masa a'a. Ranar Asabar da hantsi na kama hanyar Kiyawa.

Abin da ban sani ba shi ne, aikin na mutum biyu ne. Bayan an zuba sabon mai, dole a fitar da iskar da ta shiga, ɗaya yana ƙasa da sifana, ɗaya yana ciki yana taka birki yana faɗin yadda ya ji. Ina kallo Baffa ya tuɓe babbar riga, ya shimfiɗa buhu, ya kwanta a ƙasa ya shige ƙarƙashin mota. Ni kuma ya ce in hau kujera. Jama'a, ni a sama a kan katifa, wanda ya ba ni mata a ƙasa cikin turɓaya! Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige.

Muryarsa ta taso daga ƙasa. “Taka. Taka. Riƙe! Saki.”

Na taka, na riƙe, na saki. Muka zagaya tayoyi huɗu, yana ja da baya yana nishi irin na manya. Da muka gama na ƙarshe ya ce, “To Malam, ya yi tauri?”

Birkin nan har ƙasa yake tafiya, kamar na taka nunanniyar gwanda. Amma na san in na ce bai yi ba, tsohon nan zai sake zagaye cikin rana. Kuma ta yaya zan buɗe baki in ce wa Baffa aikinsa bai yi ba?

Na ce, “Ya yi, Baffa.”

“Ka tabbata?”

“Wallahi ya yi... madalla.”

Dabarata ita ce in lallaɓa a giya ta biyu har Dutse, in kai wa bakaniken tasha a ɓoye ya gyara, kowa ya tsira da mutuncinsa. Ina cikin godiya sai na ga Baffa ya wanke hannu, ya mayar da riga, ya kafa hula, ya buɗe ƙofar gaba ya zauna. Ashe yana da gaisuwar rashin lafiya a Dutse.

Muka hau titi ina tafiya kamar mai rakiyar jaki. Masu keke suna wuce mu. Baffa ya yi haƙuri, ya yi haƙuri, can ya ce, “Malam, ƙwai ka ɗauko ne? Ga birki sabo, saki mota ta sha iska mana.”

Na ƙara wuta.

Ba mu yi nisa ba sai ga garken shanu yana tsallaka titi, a daidai wata 'yar gangara. Na taka birki, ƙafata ta tafi har ƙasa, motar ko gezau. Na sake takawa. Na sake.

“Birki, Malam!”

“Ina takawa, Baffa.”

“To taka mana!”

“Ai tun ɗazu nake takawa, Baffa.”

Ku lura, ko a wannan hali murya ƙasa-ƙasa nake magana, cikin ladabi. Da na ga ƙahon wani farin bijimi ya cika gilashi, sai na murɗe sitiyari muka sauka gona. Kaka ce, an gama cire wake. Motar ta yi ta tsalle da mu, Baffa yana salati da ƙarfi, ni ina yi a zuci, har muka nutse cikin wani tarin harawa muka tsaya cak.

Ba wanda ya ji ciwo, sai hular Baffa da ta koma kujerar baya. Ya zura ƙafa ya taka birkin da kansa, ya ji ya tafi fayau. Ya juyo ya dube ni, ni kuwa na dubi gwiwoyina.

“Tun a gida haka yake?”

Na ce, “E, Baffa.”

“Ka ce mini ya yi?”

“Na ga kana kwance a rana ne, Baffa. Na ji nauyi.”

Mai gonar da ya rugo da gudu yana tsaye a bakin taga, ya ji komai. Ya so ya yi faɗan harawarsa, dariya ta hana shi. Baffa bai yi dariya ba. Ya fiddo sifana daga aljihu ya miƙo mini, ya ce wannan karon ni zan shiga ƙasa, shi zai taka. Haka na kwanta cikin ƙaiƙayin harawa da kayana na fita kunya, yana ba ni umarni daga sama, har birki ya yi tauri da gaske.

Muka sake hawa titi. Sai da duwatsun Dutse suka bayyana sannan ya yi gyaran murya.

Ya ce, “Ɗana, na yaba da tarbiyyarka. Amma kunyar da za ta hana ni kwanciyar minti goma a rana, ta kwantar da ni a kabari, riƙe abarka.”

A ranar na koyi cewa girmama babba daban, ɓoye masa gaskiya daban. Har yau ba na iya haɗa ido da surukaina. Amma in abu bai yi ba, kaina a sunkuye nake cewa bai yi ba.