Baba Mai Aron Shebur

Ni dai na sha kunya a kan Baba, kuma ban taɓa ɓoye masa ba. Mutum ya yi shekara talatin yana aikin gyaran titi, ya yi ritaya da mutuncinsa, sai ga shi duk Asabar yana bin ƙofa-ƙofa yana aron shebur. Har unguwa ta laƙaba masa Mai Aro.

Layinmu gangare ne, kwalbati ɗaya ta raba shi biyu, 'yan sama da 'yan ƙasa, gidanmu kuma a bakinta yake. Shekarar da ta toshe, 'yan ƙasa suka ce sharar 'yan sama ce, 'yan sama suka ce ginin 'yan ƙasa ne ya tare ruwa. Cacar baki ta koma jifa, har ɗan kafinta na sama ya rasa ido ɗaya, aka ce dutsen daga ƙofar mai wanki na ƙasa ya fito. Daga ranar aka daina gaisawa. Kwalbati kuwa kowa ya ƙi taɓa ta, don wanda ya fara sa hannu kamar ya amsa laifi ne. Damina uku ruwa yana cin gindin ɗakin Inna, har bangon ya tsage, hannuna yana shiga. Magini ya duba ya ce in aka sake ambaliya ɗaya, ɗakin ya tafi.

Saura wata biyu ruwa ya sauka Baba ya fara. Ya ari shebur a gidan kafinta, ya ari baro a gidan mai wanki, ya naɗe wando ya shiga kwalbati shi kaɗai. Ina kan keken ɗinki na hango shi, raina ya ɓaci.

Na ce, "Haba Baba! Ka bari in kawo maka sabon shebur mana. Mutane suna mana dariya."

Ya ce, "Ke dai ji da kekenki."

Da rana ta take ya fito, laka har gwiwa. Mai wanki yana tsaye yana kallo. Baba ya dafa ƙugu ya ce, "Wayyo bayana! Maƙwabci, don Allah miƙa wa kafinta shebur ɗinsa, ba zan iya hawan gangaren nan ba." Wa zai ce wa tsoho a'a a wannan hali? Mai wanki ya karɓa fuska a murtuke, ya jingine shi a ƙofar kafinta, ya juyo da sauri kamar wanda kare ya biyo.

Asabar ta gaba kafinta ne ya faɗa tarko, shi aka ba baro ya mayar. Sai da ya tsaya ya gyara mariƙin da ke girgiɗi, yana ƙunƙuni wai shi ba don kowa ya yi ba, ba ya son ganin aikin banza ne. To, kayan da aka gyara ba a jingine shi a tafi. Dole ya yi sallama, mai wanki kuma dole ya amsa, har da "Sannu da aiki." Wannan ce kalmar farko tsakaninsu cikin shekara uku.

A mako na biyar mutum takwas ne cikin kwalbati, kowa da shebur ɗin wani, don kuwa haka Baba ya tsara. Ranar da ruwan farko ya sauka da la'asar, muka tsaya ni da Inna a ƙofa muna kallon yadda yake wucewa ta hanyarsa, bai ko taɓa bangonta ba. Inna ta yi kuka, ni ma na taya ta.

Yanzu duk Asabar sun fi mutum talatin. Sun cike ramukan titi, sun yi wa asibitin unguwa fenti, wasu layukan ma sun kwaikwaya. Ɗan kafinta ne ke raba aiki.

Bara ƙafa ta kwantar da Baba, ya aike ni ɗakin ajiyarsa in ɗauko masa sanda. Tun ina yarinya ban shiga ɗakin ba. Ina buɗewa na ga shebur uku, diga biyu, manjagara da baro, duk an shafe su da mai, suna jere a bango.

Na dawo ina huci. "Baba! Kana da waɗannan duka ka bar mu muna shan gori?"

Ya yi dariya har da tari. Ya ce, "Da na fita da nawa, wa zan aika gidan wa? Ja ƙofar nan, kada kafinta ya gani."

Na ja ƙofar na sa kwaɗo. Asabar ɗin da ta biyo baya ni na je aron shebur, kuma da wata ta ce, "Ga 'yar Mai Aro," na juyo na amsa da ƙarfi.